Rabin Ƙarshe Na Sabuwa Ne

Manfuha, Riyad
Janairu, 2015

Zuwa ga taubashiyata Malama Sabuwa, uwar rigimar Funtuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Kamila da 'yan ajinki da kike azabtarwa da aikin gida. Ni dai lafiya lau, sai ciwon bayan nan na direbobi, ga sanyin Riyad bana ya zo da gaske. Har yanzu ina nan ina raba burodi a shagunan unguwar Nasim. Kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, bai canza hali ba, mutumin kirki ne in dai ba a makara ba.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta abin da ke tafe, don na san ƙafafunki sun tsufa. Sule Mai-Agogo zai dawo. Talle, ɗan Damagaram ɗin nan da muke ɗaki ɗaya, shi ya nuna mini a wayarsa. Iyalan marigayi Malam Isiyaku sun ba wani malamin jami'a, Zainulabideen, izinin ci gaba da labarin daga inda aka tsaya, kuma masu bugawa a Kano sun ce zai fito da ƙaramar Salla. Shekara talatin ke nan da Malam ya rasu ya bar mana ɗan leƙen asirin nan cikin kwalekwale a Baga, bayan ya miƙa wa masunci agogonsa ya ce zai dawo ya karɓa. Na yi aure, auren ya mutu, na bar ƙasa, furfura ta fito, bawan Allah yana nan cikin kwalekwale. Ranar da na ga labarin sai da na wuce shaguna biyu ban sauke musu burodi ba.

Kin tuna yadda muke yi? Mu sayo littafi ɗaya a tasha, kowa ya ce shi zai fara, sai ki ɗauko askar Kawu ki tsaga shi biyu ta tsakiya. Ni farko, ke ƙarshe, wai don ke ce 'yar gida, ni ɗan mace ne, bawanku. Ki karance naki ki zauna kina kallona kina ajiyar zuciya, kina cewa, "Allah sarki Sule," alhali babu abin da ya same shi. Ba kya miƙo mini ƙarshen sai na yi miki shara ko na ɗebo ruwa, kuma da na gama ki ƙwace abinki.

To, rabin farkon nan duka suna wurina, na zo da su tun zuwan farko. Duk Juma'a bayan masallaci nakan karanta wa 'yan ɗakinmu, in na kai inda askarki ta yanke sai in ƙarasa musu da ka. Talle ya ce a littafi ɗaya na kashe Kanar Dogo, maƙiyin Sule, sau uku, kowane mako da irin mutuwarsa.

Ga shawarar da na yanke. Mu direbobi huɗu ne, mutum ɗaya ke tafiya hutu a lokaci guda, kuma sai bayan shekara biyu layi ke zagayowa. Nawa Afrilu ne, na Talle Yuli. Zan ce masa mu yi musanya, in zo da Salla, mu je Kano tare mu sayo, ki tsaga a gabana. Ki nemo askar.

Dalhatu mai kaya zai kawo miki wannan, tare da dabino da ɗan turare. Dabinon na Kamila ne, kada ki taɓa.

Bawan da ya fi ƙarfin iyayen gijinsa,
Lado

*

Funtuwa
Fabrairu, 2015

Zuwa ga bawan gidanmu, gwauron Riyad,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, dabino kuma na cinye rabi, Kamila ta samu ƙwallaye. Muna nan lafiya, alhamdu lillahi. Kamila ta fara aiki a wani kantin magani a nan gari. Mutanen gida duk suna gaishe ka, har da waɗanda ka manta sunansu.

Na riga ka jin labarin, a rediyo aka faɗa. Ina cikin wanke shinkafa na ji, na tsaya da hannu cikin ruwa har aka gama. Ban ɓoye maka ba, na yi murna, sannan na ji tsoro. Wannan Zainulabideen ɗin ko ya san cewa Sule ba ya riƙe bindiga? Ko ya san ba ya shan shayi sai an sa kanumfari? Yaran yanzu za su iya ba shi wayar hannu da budurwa 'yar jami'a su lalata mana mutum. Na sauko da gwangwanin alewar nan da nake ajiye rabin ƙarshe, na sake karanta na Baga. Takardun sun yi ja, gara ta ɗan taɓa gefe, amma wurin agogon yana nan lafiya. Askar Baba ma tana ciki.

Yanzu ka saurare ni. Kada ka taɓa hutunka. Ka zo a Afrilu yadda aka tsara, littafi ba gudu zai yi ba. In ya fito zan tsaga in ba Dalhatu naka ya kai maka har ɗaki.

Dalilina shi ne jikin nan. Tun kafin ƙarshen shekara na ji wani ƙulli a gefen ƙirjina, na yi ta shafa man zafi ina cewa zai baje. Bai baje ba. Yanzu Kamila na kai ni asibiti a Zariya, sun ɗebi abin da za su ɗiba sun ce a jira sakamako. Ban faɗa wa dangi ba, ka san su, gobe za a cika mini gida da jiƙe-jiƙe da koke-koke. Kai kaɗai na faɗa wa, don ba ka da amfanin da za ka yaɗa.

Ina son in gan ka, Lado. Tun rasuwar Gwaggo mahaifiyarka ba ka taka garin nan ba sai sau ɗaya, shi ma rabin hutun a Kaduna ka yi shi wajen ɗanka. Tun da mahaifin Kamila ya rasu, babu wanda ya rage da zan zaga ya rama. Kowa Malama, Malama, kamar wata tsohuwar hedimasta. Ka zo in ga yadda tumbi ya yi maka, in samu abin dariya na shekara.

Kuma ka daina kashe Kanar Dogo. Bai mutu ba a ko wane littafi, tserewa yake yi. Wanda bai riƙe ƙarshe ba bai kamata ya buɗe baki a gaban jama'a ba.

Ka gaida Talle, ka ce masa ina ba shi haƙurin zama da kai.

Uwar gijiyarka,
Sabuwa

*

Manfuha, Riyad
Maris, 2015

Zuwa ga Sabuwa, mai jinyar ƙarya,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, bayan ya yi sauƙi tun da aka canza mini kujerar mota. Ina fatan ƙullin naki ya ji tsoron bakinki ya gudu.

Takardarki ta zo a makare, don Dalhatu ya tsaya Jidda wajen kayansa. Kafin ta iso mun riga mun je wurin kafil ni da Talle, ya ce ma fi mushkila, wato babu damuwa, an buga wa Talle bizar fita da dawowa. 'Yar Talle ta kusa haihuwa, ya yi ta yi mini addu'a har na ji kunya. Saboda haka sai Yuli.

Amma ko da ta zo da wuri, kina zaton zan faɗa? Na san wannan waƙar. Lokacin da nake masaƙa a Kaduna, wa ya aiko yaron mota ya ce mini Sabuwa na asibiti rai a hannun Allah? Na hau bayan tirela na iso da jajayen idanu, na tarar da ke kina suyar wainar shinkafa, wai gado kike so a ɗaukar miki zuwa sabon gida. Har yau in na tuna ƙafata na yi mini zafi. Ni ma na rama, na sani, da na aiko aka ce miki injin ya cinye mini hannu kika zo da kwanon fura kina kuka. To, mun yi kunnen doki, kada a sake buɗe wasan da tsufa.

In ma akwai ƙullin, irin na mata ne da ake cirewa a sallami mutum da yamma. Ke da ko zazzaɓi ma tsoronki yake yi. Ki sha maganinki, ki rage masifa.

Mu koma kan magana mai muhimmanci. An sa hoton bangon littafin, Talle ya nuna mini. Sunansa Dawowar Mai-Agogo. An zana wani dattijo da farin gemu yana tsaye a bakin ruwa, ya juya baya, hannunsa na hagu babu agogo. Kin ga ke nan mutumin ya san abin da yake yi, bai mayar da shi yaro ba. Ɗakinmu ya rabu biyu. Wasu sun ce masuncin nan yaron Kanar Dogo ne tun farko. Ni na ce a'a, a cikin agogon Sule ya ɓoye sunayen maciya amanar, shi ya sa ya ba wanda ba za a taɓa zargi ba. Har wani Basudane da ke ɗakin kusa, wanda ba ya jin Hausa sai an fassara masa, ya shigo da nasa ra'ayin. Ke me kika gani? Ke kika fi kowa zama da shafukan ƙarshen nan.

Ina ƙirga watanni kamar yaro mai jiran ɗinkin Salla. Na ma sayi shadda.

Naki, ko kin ƙi ko kin so,
Lado

*

Funtuwa
Mayu, 2015

Zuwa ga ɗan'uwana Mukhtari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka ga na kira ka da sunan da aka yanka maka rago, wanda ban taɓa kiran ka da shi ba tun da muka tashi. Na yi haka ne don ka san yau ba taubashiyarka ke rubutu ba, 'yar kawunka ce.

Sakamako ya fito tun Maris. Ciwon daji ne, kuma likita ya ce ya riga ya wuce inda ya fara. An yi mini aiki, ana yi mini wani ƙarin ruwa da ke kwantar da ni mako guda cur. Gashina ya zube. Na ajiye koyarwa. Na tambayi likitan tsakaninsa da Allah, ya ce rai na Allah ne, amma in akwai wanda nake son gani kada in ce sai baɗi. Dangi sun sani yanzu sama-sama, na ce musu ana samun sauƙi, na kuma hana a kira ka, don na ce ni zan faɗa maka da kaina.

Na san abin da na yi maka a Kaduna. Da na san zan buƙaci ka yarda da ni wata rana, da na ɗauki gadona da kaina. Wallahi wannan ba wasa ba ne. Ban san wace kalma zan sa ba wadda ban riga na ɓata ta da wasa ba a tsakaninmu.

An faɗa a rediyo cewa littafin ba zai fito da ƙaramar Salla ba, sai bayan babba, wai marubucin bai gamsu da babin ƙarshe ba. Na san halinka, shi ya sa na yi saurin rubutowa. Kada ka sake ɗaga hutunka. Ka zo a Yuli, ko da littafi ko babu. Ka zo da rabin farkon da ke wurinka, ni ga nawa, mu zauna a tsakar gida mu haɗa su, ka karanta mini tun daga na ɗaya. Idanuna ba sa jure karatu yanzu. Ban taɓa jin labarin Sule daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya ba, kullum sai na san inda za a ƙare kafin in san inda aka taso.

Ka tambaye ni ra'ayina kan agogon. Ni ban ga wani asiri a ciki ba. Mutum ne zai yi tafiyar da bai tabbata zai dawo ba, sai ya bar wani abu a hannun wani don a ci gaba da sa ran sa. Na daɗe da ganin haka, ban faɗa maka ba don kada in ɓata maka.

Ina jin tsoro, Mukhtari. Da rana ina daurewa saboda Kamila. Ka zo.

'Yar'uwarka,
Sabuwa

*

Manfuha, Riyad
Yuni, 2015

Zuwa ga shugabar 'yan wasan kwaikwayo ta Funtuwa,

Gaisuwa da fatan an shiga azumi lafiya. Mu nan zafi ya kai inda in ka taɓa ƙofar mota sai ka yi salati, amma muna ciki, alhamdu lillahi.

Na sara miki. Saura ƙiris ki ci ni. Da na ga Mukhtari a saman takarda sai na karanta a tsaye a bakin shagon da Dalhatu ya miƙo mini ita, na kasa tuƙi. Na faka a gefen titi na kira ki. Sai me na ji? "Wane ne wannan, bawan gidanmu ne? An ba ka izinin kiran uwar gijiyarka da rana tsaka?" Murya garau, har da dariyar nan taki mai kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na ce, Sabuwa, takardar nan fa? Kika ce, "Ka ji tsoro ko? Ashe kana so na." Na ce Allah ya isa, kika ce ba ta isa ba. Na kashe waya na zauna ina dariya ni kaɗai har wani ɗan sanda ya leƙo ya ga ko lafiya.

Wurin gashin nan ne kika yi gwaninta. Da wurin agogo. Ya kamata a ƙwace littafin daga hannun Zainulabideen a ba ki.

Na san dai ba ki da cikakkiyar lafiya, na ji kina ɗan haki. Na ba Dalhatu zuma da man habbatus sauda, ki riƙa sha da sahur, in an sha ruwa ma ki ƙara. Amma mai mutuwa ba ta cewa Allah ya isa ba ta isa ba.

To, ga yadda ake ciki. Da na tabbatar lafiyarki ƙalau, na je wurin kafil. Abokin aikinmu Bafakistane zai aurar da 'yarsa a Yuli, ya daɗe yana roƙona. Na ba shi, na karɓi nasa na Nuwamba. Kin ga an taimaki bawan Allah, ni kuma zan sauka daidai lokacin da littafi ke kasuwa. Shekara talatin muka jira, wata huɗu ba zai kashe kowa ba. Ba zan zo in zauna ina kallon fuskarki babu Sule ba, me zan gani a ciki?

In kuma kin matsa sai kin mutu kafin nan, ki bar wasiyya a ba ni gwangwanin nan. Na gaji da kashe Kanar Dogo da ka.

A sha ruwa lafiya. Ki sa ni a addu'a, ko da ta mugunta ce.

Lado

*

Funtuwa
Agusta, 2015

Zuwa ga Lado, bawan gidanmu,

Sallama. Muna nan, an yi Salla lafiya, ruwa na sauka sosai bana. Kada ka yi mamakin rubutun, Kamila ce ke rubutawa ina faɗa, don na ga bai dace uwar gijiya ta riƙa wahalar da hannunta a kan bawa ba.

Zuma ta iso, na gode. Ta yi daɗi.

To, ka kama ni. Wasa nake yi. Ka kwantar da hankalinka ka yi aikinka, kada ka je ka daki motar mutane saboda ni. Ka kyauta da ka ba mutumin nan hutunka, aurar da 'ya ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya ba ka lada. Duk abin da ya biyo baya, kada ka ce laifinka ne. Ni na koya maka rashin yarda da ni, kuma ka koya da kyau, ka fi duk 'yan ajina.

Gwangwanin yana ƙarƙashin gado, ta wajen bango. Na faɗa wa Kamila naka ne.

Na yafe maka sharar da ka riƙa yi mini rabi da rabi, da ruwan da kake zubarwa a hanya. Kai ma ka yafe mini gadon Kaduna, da duk ajiyar zuciyar da na yi maka a kan Sule alhali lafiyarsa ƙalau. A duk gidanmu babu wanda na ji daɗin zama da shi kamarka. In ka faɗa wa wani na ce haka zan ƙaryata.

Ka gaida Talle da jaririn jikansa. In Nuwamba ta yi ka sa shaddar nan, kada ka zo mana a yamutse.

Uwar gijiyarka har kullum,
Sabuwa

*

Funtuwa
Oktoba, 2015

Zuwa ga Kawu Lado,

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu. Allah ya jiƙan Umma, ya sa ta huta. Mun gode da kiran da kake ta yi. A waya na kasa yi maka bayani, kai ma ka kasa tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuto kamar yadda kuka saba.

Ranar da na kira ka na faɗa maka ta rasu, ka ce in ba ta wayar ta daina wannan shirme. Ban ji haushi ba, Kawu. Sai da Baffa ya karɓa ya yi maka magana sannan ka yarda. Na san dalili.

Ina so ka san yadda aka yi ranar da ka kira ta da azumi. Tana kwance ne, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Da ta ga sunanka ta ce in tashe ta zaune, in sa mata filo a baya. Na ɗauka za ta faɗa maka gaskiya, don tun da ta aika takardar take jiran kiran. Tana jin muryarka sai na ga fuskarta ta canza, ta koma irin ta da, ta shiga zolayarka. Rabon da in ji dariyarta tun kafin aiki. Da ka kashe ta riƙe wayar ta yi ta kuka. Na ce, Umma, me ya sa? Ta ce, "Muryarsa rawa take yi. Ban taɓa jin Lado na tsoro ba, sai bakina ya ƙi." Na ce bari in kira ka ni in faɗa maka, ta ce in na yi ba ta yafe ba, gobe za ta kira da kanta. Goben ta yi ta zuwa. Da takardarka ta iso cewa ka ba da hutun, ta ce shi ke nan, kada a ɗaga maka hankali a kan abin da ba ka da ikon gyarawa. Na bi maganarta, kuma har yanzu ban san ko na yi daidai ba.

Takardar ƙarshe da na rubuta mata, sau uku muna tsayawa. Da ta ce in rubuta wasa take yi na ajiye biro, ta ce in ɗauka.

Ba ta daina tambayar littafin ba. Duk wanda ya dawo daga Kano sai ta ce a tambaye shi ko ya fito. Ya fito mako biyu bayan rasuwarta. Na aika aka sayo, ga shi na ba Alhaji Dalhatu. Ta ce in ya fito in tsaga in aiko maka naka. Na ɗauko askar, na buɗe tsakiyar, na kasa. Ban san a inda take yankewa ba, kuma ban san wa zan ba ɗaya rabin ba. Ka yi haƙuri, ga shi nan dukansa.

Ban karanta ba. Mutane na ta yabonsa a rediyo.

Allah ya kawo ka lafiya. Ɗakinta na nan yadda ta bar shi.

'Yarka,
Kamila

*

Manfuha, Riyad
Nuwamba, 2015

Zuwa ga 'yata Kamila,

Wa alaikumus salam. Ya haƙuri. Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya yi miki albarka a kan jinyar da kika yi. Kin tambaya ko kin yi daidai. Kin yi daidai, kin bi uwarki. Ta rubuto mini da sunana na yanka, ta rantse, ta ce tana jin tsoro. Babu abin da za ki ƙara a kan wannan. Ni ne na fi son in yarda da dariyar, don ita ta fi sauƙin ɗauka.

Jikina lafiya, ina fita aiki. An buga mini biza, zan taso ƙarshen wata in Allah ya so. Na fitar da takardunta na sake karantawa a jere, ko yaro ya karanta zai gane. Na ce mata wata huɗu ba zai kashe kowa ba, Kamila. Da hannuna na rubuta.

Littafin ya iso. Ranar Juma'a 'yan ɗakinmu suka taru, har da Basudanen nan, kowa yana jira. Na ɗauko shi, sai na ji nauyinsa wani iri a hannuna. Tun ina yaro ban taɓa riƙe littafin Sule mai bango gaba da baya ba. Na buɗe shafin farko, na mayar na rufe. Talle ya ce wa mutane a tashi, sai wata Juma'ar.

Jiya na karɓi wuƙar da muke yanka albasa na wasa ta a bakin taga. Uwarki ba ta duba inda babi ya ƙare, tsakiyar zaren ɗinki take nema ta bi shi, ko da a tsakiyar magana ne. Haka na yi. Bai fita sumul kamar nata ba.

Na karanta nawa. Mutumin ya iya, bai ba shi bindiga ba, kuma akwai kanumfari a shayin. Da ta ji daɗi. Rabina ya ƙare Sule ya iso Baga yana tambayar gidan masuncin, an nuna masa wata ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa.

Ga ɗaya rabin nan cikin ambulan. Dalhatu zai riga ni tasowa, kuma na san halina, in ya ƙara kwana a ɗakin nan zan buɗe. Ki sa shi cikin gwangwanin tare da sauran, ki mayar ƙarƙashin gado. Ta ce gwangwanin nawa ne, amma ban karɓa ba. Rabin ƙarshe nata ne, ita ke miƙo mini shi in ta ga dama, bayan na yi shara. In na zo, ko na roƙe ki kada ki ba ni.

Ki ce wa Baffa ya samo wanda zai raka ni maƙabarta ranar da na sauka. Zan sa shaddar.

Kawunki,
Lado